Wa Ke Magana da Yaro? Tarbiyyar Masu Tashen Balaga a Cikin Ƙagaggun Labarai Uku na Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙon yaro ya san akwai wani lokaci da yakan zo, yaron da a da ake aikensa ya tafi da gudu ya koma sai an kira shi sau uku kafin ya amsa, yarinyar da ba ta rabuwa da gindin uwarta ta koma mai shigewa ɗaki ta turo ƙyaure. Wannan lokaci shi Hausawa ke kira tashen balaga. A cikinsa ne jiki ke girma ya bar hankali a baya, kuma a cikinsa ne iyaye da yawa kan ga abin da suka shuka shekara da shekaru yana neman lalacewa a damina ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda ƙagaggun labarai uku na Hausa suka kalli wannan matsala. Littattafan su ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, da kuma Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Manazarta sun saba karanta na farko a matsayin taskar hikayoyi, na biyu a matsayin labarin ramuwar gayya, na uku kuwa a matsayin kira ga ilmin mata. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani abu guda da ya haɗa su wanda ba a cika kula da shi ba. A cikin ukun nan, babu inda mahaifi ya zauna ya yi doguwar magana da ɗansa ko 'yarsa a lokacin da abin ya fi tsanani. Kullum wani ne na dabam ke yin maganar, kuma makomar yaron ta rataya ne a kan ko wane ne wannan na dabam ɗin. Wannan mutum shi za mu riƙa kira na uku a cikin wannan nazari.

2.0 Matsayin na Uku a Tarbiyyar Bahaushe

Kafin mu shiga littattafan, ya kamata mu tuna da yadda gidan Bahaushe yake a lokacin da aka rubuta biyu na farko. Tsakanin iyaye da 'ya'yansu akwai kunya, wadda ta fi ƙarfi a kan ɗan fari. Uwa ba ta ambatar sunansa, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye shi sai a miƙa shi riƙo wajen kaka ko wata 'yar'uwa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da bayanin wannan al'ada filla-filla, ita kanta kuwa ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Ko da yaro ba ɗan fari ba ne, da ya fara tasawa sai tazara ta shiga tsakaninsa da mahaifinsa. Yakan durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi umurni, ya tashi. Zancen abin da ke damun zuciya ba a yin sa a nan.

Wannan tazara ba ta zama illa ba a da, domin al'ada ta tanadi waɗanda za su cike gurbin. Akwai kaka, wadda ke wasa da jikanta tana kiransa mijinta, tana kiran jikanyarta kishiya, kuma a cikin wasan nan ake faɗa wa yaro abin da uwa ba ta iya faɗa. Akwai kawu da baffa da gwaggo da inna. Akwai malamin makarantar allo, da maigidan da ake kai yaro koyon sana'a wurinsa. A waje kuma akwai sarkin samari mai tsawata wa tsararrakinsa a dandali da wajen gayya. Gandu, wanda Polly Hill ta yi nazarinsa a Batagarawa ta ƙasar Katsina a littafinta na 1972, shi ke riƙe saurayi a gona ɗaya da ubansa da 'yan'uwansa har bayan ya yi aure. Karin maganar nan da ke cewa ɗa na kowa ne bayani ne na wani tsari da aka raba aikin tarbiyya a cikinsa: uba na riƙe da iko, wasu kuma na riƙe da magana.

Idan aka riƙe wannan a zuci, za a ga littattafan nan uku suna gwada abu ɗaya ta fuskoki uku: abin da kan faru in an dace da na uku na kirki, da in an faɗa hannun mugu, da kuma in yaro ya tashi da ƙafarsa ya je neman nasa.

3.0 Magana Jari Ce: Na Uku Mai Hikima

Labarin da ya ɗaure littafi na ɗaya na Magana Jari Ce labarin saurayi ne mai son fita. Sarki Abdurrahman ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai daga baya Allah ya ba shi Musa, wanda ya tashi tare da Mahmudu, jikan Sarki. Da yaƙi ya tashi tsakaninsu da Sinari, Sarki ya fita da Mahmudu, ya bar Musa a gida cikin tsaro. Waziri kuwa, mai kwaɗayin gadon sarauta, yana ƙulla yadda za a yi Musa ya fito a hallaka shi. Musa bai san da wannan ba. Abin da ya sani shi ne an tafi da tsaransa fagen da ake yin suna, shi an bar shi a gida kamar ƙaramin yaro.

A nan Imam ya kama ainihin halin mai tashen balaga. Abin da Musa ke so ba mugun abu ba ne, jaruntaka ce da son abokinsa. Abin da mahaifinsa ke tsoro shi ma gaskiya ne. Amma uban ya ba da umurni ya tafi, bai tsaya ya bayyana dalili ba, kuma masu tsaro ba su da ikon da za su hana ɗan sarki abin da ya yi niyya. Da Musa ya nemi shawarar macen aku, ta faɗa masa gaskiya kai tsaye, ta hana shi, sai ya fusata ya kashe ta. Aku ya ga abin da ya sami matarsa, sai ya sake dabara. Bai ce wa Musa kada ya tafi ba. Yakan nuna masa yana tare da shi, sa'an nan ya jawo wani labari, Musa ya tsaya saurare, kafin a gama gari ya waye, tafiya ta fasu sai gobe. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo.

An san cewa Imam ya aro wannan tsari ne daga hikayar aku ta ƙasashen gabas, wadda asalinta na Indiya ne, aka mayar da ita Farisanci da sunan Tutinama a ƙarni na 14. Abin lura shi ne canjin da ya yi. A can, matar wani ɗan kasuwa ce aku ke hanawa fita wajen wani namiji bayan mijinta ya yi tafiya. Imam ya cire matar ya sa saurayi, ya cire kwartanci ya sa yaƙi. Da wannan canji kaɗai labarin tsaron mace ya koma labarin tarbiyyar matashi, kuma a ganinmu nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, fiye da inda aka saba yabonsa wajen sauya sunaye da wurare.

Mai suka zai iya cewa aku bai koya wa Musa komai ba, yaudararsa kurum ya yi, domin kowace safiya Musa na nan da niyyarsa. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne Imam bai nuna mana Musa yana sauya tunani sannu a hankali ba, wanda rauni ne a wajen gina ɗan wasa. Amma akwai abin da za a ce a madadin aku. Masana ƙwaƙwalwa na zamanin nan sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamakon abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, alhali sassan da ke motsa sha'awa da zuciya sun riga shi tashi. In haka ne, wani lokaci babban abin da mai tarbiyya zai iya yi wa saurayi shi ne ya sama masa jinkiri, ya riƙe shi daren yau ba tare da ya karya masa mutunci ba, har zafin ya wuce. Macen aku ta fi mijinta saurin faɗin gaskiya, amma da ita kaɗai aka bari da Musa ya fita a daren farko.

Ya kamata kuma a lura da littafi na uku, inda aku, bayan ya zama Waziri, yake koya wa ɗansa Fasih dabarun zance da zaman fada ta hanyar labarai. Nan ne kaɗai a cikin aikin gaba ɗaya muka ga uba ya zauna yana doguwar hira da ɗansa don ya gina shi. Sai da Imam ya sa wa uban fukafukai da baki mai lanƙwasa kafin hakan ta yiwu. Sarakunan da ke cikin labarin, waɗanda mutane ne, ba su yi ba.

4.0 Jiki Magayi: Gurbin da Mugu Ya Cike

Jiki Magayi ya ɗauki ɗa irin Musa, wato wanda aka daɗe ana nema, ya bi da shi ta wata hanya. Malam Shehu attajiri ne da ba shi da haihuwa. Ya auri Zainabu, wadda saurayinta Abubakar ke so, dukiya ta rinjayi soyayya. Abubakar ya yi rantsuwar ramuwa, ya shiga duniya neman asiri. Zainabu ta haifi ɗa aka yi masa laƙabi da Kyauta, ya tashi cikin gata. Abubakar ya komo da maganinsa, ya sa yaron ya zama ɓarawo. Zama ya gagara tsakanin ɗa da uba, Kyauta ya shiga uwa duniya, ya haɗu da wani gawurtaccen ɓarawo, Dogon Yaro, kuma a ƙarshe ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa ba tare da ya san ko wane ne ba.

Idan aka ajiye zancen asiri gefe ɗaya na ɗan lokaci, abin da ya rage labari ne da kowace unguwa ta sani. Uba ya sami ɗa bayan ya fid da rai, ya kasa tsawata masa yana ƙarami, ya manta da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da yaro ya tasa ya fara ɗauke-ɗauke, sai uban ya tsallake daga wannan iyaka zuwa waccan, daga shagwaɓa zuwa fushi, domin abin da ya fi ci masa rai shi ne sunansa a gari. Tsakanin gatan da fushin babu wani mataki na zama a tambayi yaro me ke damunsa. Babu kuma wani kawu ko malami da marubutan suka ba wa matsayin da Imam ya ba aku. Gurbin na uku yana nan a buɗe, kuma mutum biyu ne suka shige shi, Abubakar da maganinsa, Dogon Yaro da sana'arsa. Dogon Yaro ya ba Kyauta abin da gida bai ba shi ba: babba mai zama da shi, mai koya masa aiki, mai ɗaukarsa a matsayin abokin tafiya.

Rauni mafi girma a littafin, ta wannan fuska, shi ne sammun kansa. Da marubutan suka ɗora lalacewar Kyauta a kan magani, sai suka sauke wa Malam Shehu rabin kayansa. Laifinsa ya tsaya a kan ƙwace budurwar wani, tarbiyyar da ya yi wa ɗansa kuwa ta fita daga shari'a, tun da ko wace irin tarbiyya aka yi, asiri zai ci. Mai karatu zai rufe littafin yana tsoron maƙiya, maimakon ya duba gidansa. Wannan kuwa ita ce mafakar da iyaye da yawa ke gudu zuwa gare ta har yau. Da yaro ya fara shaye-shaye ko bin 'yan daba, sai a ce hannu aka sa masa, a bazama gidajen masu magani, a bar tambayar da ta fi zafi, wato da wa yake zama, kuma yaushe rabon da wani babba a gidan ya saurare shi. Littafin ya nuna wannan ɗabi'a da kyau, amma ya goyi bayanta maimakon ya tuhume ta.

5.0 Wa Zai Auri Jahila?: Yarinya Ta Nemi Nata

Fiye da shekara 50 ne tsakanin littattafan farko da na Balaraba Ramat Yakubu, kuma a tsakanin an yi canje-canje manya. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya kai makaranta ƙauyuka, samari sun fara tafiya birni karatu suna komowa da wasu idanu. Haka kuma alƙalami ya shiga hannun mata, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980. Saboda haka a wannan karo mai tashen balagar mace ce, kuma daga gefenta ake ba da labarin.

Abu yarinya ce mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta tana farkon balaga. Ɗan'uwanta da aka yi mata alkawari da shi ya yi boko, ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba. Mahaifin, don ya rufe kunyar da aka ba shi, ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Abu ta gudu zuwa Kaduna wajen Hajiya Kumatu, ɗaya daga cikin iyayenta mata na dangi, wadda ta karɓe ta ta tsaya mata har ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya.

Uban Abu ba azzalumi ba ne da gangan, kuma wannan na cikin abin da ya ba littafin nauyi. Tsoro ne ke tafiyar da shi, irin tsoron da ke kama uban 'ya mace ranar da ya lura ta zama budurwa: kada ta jawo abin faɗa, kada ta rasa miji. Maganin da ya sani shi ne ya gaggauta miƙa ta. Wato shi ma, kamar Sarki Abdurrahman, ya ga haɗari na gaske ya ba da umurni ba tare da shawara ba. Bambancin shi ne Sarki ya bar aku a gida, shi kuwa bai bar kowa ba. Matan gidan ba su da bakin da za su tanka, dangin da ke kusa suna bayansa. Na ukun da al'ada ta tanada yana nan da rai, amma ya yi nisa, sai da yarinya ta sayar da ranta ta kama hanya kafin ta same shi.

Hajiya Kumatu ta fi aku ta wata fuska. Aku jinkiri ya saya wa Musa don a mayar da shi ga nufin ubansa, ita kuwa ta saurari abin da yarinyar ke so, ta auna, ta ga mai kyau ne, ta taimaka mata a kai, ko da ya saɓa wa nufin uban. A nan littafin ya ƙara wani abu da na Imam bai kai gare shi ba, cewa wani lokaci yaron ne ke da gaskiya. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma Balaraba ta nuna akwai ranar da babba ke kallon baya, yaro na kallon gaba. Inda za a soki littafin shi ne yadda ƙarshensa ya zo a shirye ƙwarai: duk wanda ya wulakanta Abu sai da duniya ta juya masa baya, ita kuma komai ya miƙe mata. Yarinyar da ta gudu daga gidan miji ba kullum take samun Hajiya Kumatu a ƙarshen hanya ba, sau da yawa irin su Dogon Yaro ke jiran ta a tasha. Marubuciyar ta zaɓi ta ba masu karatunta mata ƙwarin gwiwa, kuma tana da hujjarta, amma ta biya da wani yanki na gaskiyar labarin.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa littattafan nan uku, duk da bambancin zamani da salo, sun yi tarayya a kan zubi ɗaya. Uba yana da iko da tsoro, yaro yana da buri da gaggawa, kuma ba su da hanyar da za su yi magana kai tsaye. Wanda ya tsaya a tsakaninsu shi ke yanke yadda labarin zai ƙare. Musa ya tsira don an bar masa aku, Kyauta ya hallaka don an bar shi da Dogon Yaro, Abu ta kuɓuta don ta san hanyar gidan Hajiya Kumatu.

Abin da ya sa wannan karatu ya wuce sha'anin aji shi ne tsarin da ke samar da na uku ya yi rauni. Gandu ya ragu, ma'aikaci na zaune da matarsa da 'ya'yansa a gidan haya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, kaka na ƙauye, kawu sai ranar salla, maƙwabci kuma na tsoron tsawata wa ɗan wani. Amma kunyar da ke tsakanin uba da ɗa ba ta ragu daidai da haka ba. An riƙe rabin al'adar, an saki rabin da ke sa ta aiki. Gurbin kuwa ba ya zama fanko. Yau akwai wani aku a aljihun samari da 'yan mata da yawa, wato wayar hannu, mai ba da labari bayan labari har gari ya waye, sai dai ba Sarki ne ya ajiye shi ba, kuma ba ya sanin makircin Waziri.

Ga malaman da ke koyar da waɗannan littattafai a sakandare da kwalejoji, ɗaliban da ke gabansu tsararrakin Musa da Abu ne. Zai yi amfani a wuce tambayar mene ne jigon littafi, a tambaye su wa Musa ya kamata ya saurara, kuma su wa suke faɗa wa damuwarsu. Ga marubuta kuma akwai filin da bai cika ba: labarin uba ɗan Adam, ba tsuntsu ba, wanda ya ga babu kaka babu kawu a kusa, ya danne kunya ya zauna da ɗansa mai shekara 15 ya saurare shi. Yadda za a rubuta wannan zama cikin Hausar da mai karatu zai yarda da ita, ba tare da uban ya zubar da girmansa ko ya koma mai wa'azi ba, aiki ne da ya cancanci gwanin alƙalami.